Mujallar da Bawku Ke Kwashewa

A Salaga ana cewa mai shagon kaset ɗin nan ba ya musu da mai saye. Da ya fara buga mujallar waƙa, mutanen garin Bawku ne ke kwashe ta kakaf, saboda haka duk saƙon da direba ya kawo daga can umarni ne.

"Sun ce a rage tawada." Ya rage.

"Wai takardar ta cika santsi." Ya canza.

"A ƙara faɗi, a cire wayar da ke ɗinke tsakiya." Ya cire, yana jinjina wa masu karatu masu ido haka.

Wani tsohon mai goge na garin Yendi kuwa sai da ya sha roƙo kafin ya yarda hotonsa ya hau bango. Mai kaset ya ɗauko shi har Bawku don ya ga darajarsa da idonsa.

A tasha wata mai ƙosai ta ƙura wa tsohon ido, ta rangaɗa guɗa.

"Ku zo, ga shi da ransa! Baba, fuskarka ta fi ta kowa shan mai!"

Ta miƙo masa ƙosai mai zafi, a ƙunshe cikin bangon mujallar, daidai hoton gemunsa.

Mai kaset ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."