Rigar Baftismar Kafinta

"Zuwa Lahadi? Ba zai yiwu ba," in ji tela na huɗu.

Kafinta ya fito yana tsaki. Dama tun safe ransa a ɓace yake. Ya je ya gaya wa fasto ya yanke shawara a yi masa baftisma, maimakon yabo sai fasto ya ce, "Alherin Ubangiji ne ya fara nemanka. Kafin ka so shi, shi ya so ka."

Wane nema? Shekara talatin bai taka coci ba, kuma da ƙafarsa ya kai kansa. Ko matarsa bai gaya wa ba tukuna.

Shago na biyar na wata tsohuwa ne. "Mama, farar riga nake so ta baftisma. Kada ki ce babu lokaci, na ji har ya ishe ni."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta jawo wata leda daga ƙarƙashin keken ɗinki. Ya zura farar rigar da ke ciki. Kafaɗa daidai, hannu daidai, har tumbin ya samu wuri.

"Ta waye?"

"Taka ce. Matarka ta sa na ɗinka. Duk shekara sai ta kawo tsohuwar rigarka in gwada, in ƙara faɗi."

"Tun yaushe?"

"Bana shekara tara."

Ya riƙe bakin rigar. A waccan shekarar ce ya ƙona wa matarsa Littafi Mai Tsarki.