Bangon Gidanmu na Balad

Ina 'yar shekara takwas ranar da bangon gidanmu na unguwar Balad ya tsage. Da la'asar aka yi ruwa, irin wanda Jidda kan daɗe ba ta gani ba. Tsohon gini ne na dutsen teku, wanda ake jerawa da laka, a ratsa itace a tsakani, a shafe da farar ƙasa. Kakana ne ya gina shi, kuma yana kwance a ɗakin sama, ƙafafunsa sun shanye.

Babana ya ce masa, "Baba, yalla, mu tafi, bari in goya ka. Bangon zai faɗi."

Kaka ya ce, "Ni na sa itacen nan. Ka cusa laka a tsagar, halas, shi ke nan."

Babana ya sauko ya durƙusa cikin ruwa yana cusa laka, ruwa na wanke ta kafin ya ɗauke hannu. Dutsen na marmashewa, yana warin teku. Sai na ji yana roƙon bangon: "Don Allah ka tsaya, ka bari Baba ya yarda tukuna."

Da itacen ya yi ƙara, ya ruga sama ya sunkuto tsohon da ƙarfi. Kaka na dukansa yana kuka, "Sauke ni, gidana ne!" Muna fita lungu, bangon ya zube.

Kaka ya ƙara wata huɗu a ɗakin haya a unguwar Sa'alaba kafin ya rasu, bai sake kiran sunan babana ba. Kullum babana ke yi masa wanka. Har yau in na tuna, babana nake tausayi.