Ranar da Sukkar Ya Ji Hausa

Da doguwar igiya Abdulwahid ya jawo Sukkar daga mota, kamar kullum. Wata biyar yana tuƙa Madam Wafa' a unguwar Abhur, ko sau ɗaya bai shafa farin karen nan nata mai jan madaurin wuya ba, bai ma yarda sun haɗa ido ba. Mutumin da ke sallah da tufafin jikinsa, ina shi ina yawun kare? Sukkar ma bai ɓoye nasa ba, gurnani safe da yamma.

Madam ta gaji. Ta ce ko su saba, ko ta nemi wani direba, ga iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, saura kwana tara ta ƙare. Shi ya sa yau ta tura su bakin tekun da ake barin karnuka, su biyu rak.

La'asar ta yi. Ya kwance igiyar da yatsu biyu, ya dirje hannu da yashi, ya koma can nesa ya ta da sallah. Yana sallamewa sai ga farin kare jiƙe sharkaf a gabansa, yana kaɗa wutsiya.

Ya ce, "Kai, matsa can."

Kare ya matsa.

Ya ce zauna, ya zauna. Ya ce kwanta, ya kwanta. Da Hausa fa! Ashe duk zagin da yake sha a mota, ɗan banzan haddacewa yake yi.

Murna ta kwashe Abdulwahid. Magidanci guda, mai 'ya'ya huɗu a unguwar Waziriyya, ya naɗe ƙafar wando yana tsere da kare cikin kumfa, yana jefa silifa ana ɗauko masa, yana dariya har da hawaye. Ya lura ruwan gishiri ya koɗar da jan madaurin wuyan, amma wa yake ta wannan? Ya ɗauki bidiyo ya tura wa Madam. Ya kira matarsa Turai ya ce halas, shi ke nan, iƙama ta samu, ta yanka kaza.

Da za su tafi, ta gilashin mota ya hango wani dattijo, da gani ɗan gida ne, ɗan'uwansa Bahaushe, wani farin kare na jan sa a yashi yana ta salati. Tausayi ya kama shi, don shi ma haka ya fara. A hanya ya tsaya ya saya wa sabon abokin nasa, karen, shawarma.

Madam na tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu, ba ko murmushi. Dattijon nan na gefenta, wandonsa a yage, lambar wayar da ke jikin madaurin kare ce ta kawo shi.

"Lulu, zo nan," in ji dattijon, da Hausa.

Kare ya yi tsalle ta taga, ya faɗa jikinsa. A gindin ƙafar Madam kuwa Sukkar ne zaune da jan madaurinsa, ya dubi Abdulwahid ya fara gurnani, kamar kullum.