Yadi Mai Nauyi

Yadi biyu Mamuda ya shimfiɗa a kan teburin mahaifinsa: ɗaya na auduga mara nauyi, ɗaya baƙin ulu mai kauri kamar bargo.

Idon Malam Daudu tela ya kusa tafiya, amma yatsunsa ba su tsufa ba. Ya murza wannan, ya auna wancan a tafin hannu.

"Na fita kunya kake so, ko na sawa kullum?"

"Na kullum, Baba."

"To ɗauki na audugar. Ulun nan, a zafin Kazaure, kafin azahar ya dafa ka."

Mamuda ya yi dariya, ya ce shi dai mai nauyin.

Tsoho bai ja ba. Lokacin ne arzikin man fetur yake kwashe samarin gari, ɗan wane Kano, ɗan wane Legas. Nasa kaɗai ya gama sakandare ya dawo, ya durƙusa ya ce ba inda za shi, shi zai riƙe shagon, shi zai zama idon ubansa. Ɗan da ya yi haka, in yana so ya yi gumi cikin kwat irin ta Turawa, ai sai a ƙyale shi.

Da kansa ya ɗinka ta, yana laluben allura. Mamuda ya ce a ƙara mata faɗi a ƙirji, aka ƙara. Ya ce a yi aljihu mai zurfi daga ciki, aka yi.

Daudu ya yanke cewa ranar Juma'a zai miƙa masa almakashi a gaban dattawa, kamar yadda maigidansa ya yi masa a da. Bai faɗi dalili ba, cewa kawai ya yi walimar Mamuda ce. Ba kuwa wanda ya tambaya. Ma'u maƙwabciyarsu ta kawo waina tana share ido.

"Malam, kai dai akwai ka da ƙarfin zuciya," in ji ta.

Zaure ya cika. Mamuda na gefen ubansa cikin kwat. Daudu na riƙe da almakashin naɗe cikin ƙyalle, yana jira a shafa addu'a ya tashi.

Liman ya ɗaga hannu.

"Allah ya saka wa Malam Daudu da ya yarje wa ɗansa. Jirgin da zai ɗauki Mamuda jibi, Allah ya sauke shi Ingila lafiya, ya kare shi daga sanyin can."