Kujerar Fasinja

Ranar da injin ya tashi, gwiwata ta hagu ta ƙi taka kuloci. Shekara goma sha huɗu ina kankare tsatsar motar nan ƙirar 1969, ina korar duk wanda ya ce in mayar da ita otomatik. Ga ta tana ruri a garejinmu na birnin Detroit, ko bakin ƙofa na kasa kai ta.

"Matsa, tsoho," in ji matata, wadda tarkace kawai take kiran motar.

Na matsa, ta saka giya, ko ƙara giyar ba ta yi ba.

"Ina kika koya?"

"A taraktar babana. Ka taɓa tambaya?"

Kujerar fasinja ce kaɗai ban gyara ba. Ƙarfenta na sukana har muka dawo.