Turmin Inna Daga Kan Tudu

Ranar muna gonarmu ta bayan Dakko, ni da Baba, la'asar sakaliya. Daga kan tudu na hango Inna can nesa tana sussukar gero. Abin ya ɗaure mini kai: taɓarya na faɗawa turmi shiru, sai ta ɗaga ta sama sannan in ji "dim".

Na ce, "Baba, turmin Inna ya lalace."

Ya dogara da hauyarsa yana dariya. "Lafiyar turmi lau. Ƙarar ce ke tahowa a ƙasa, ba ta da jaki. Abin da kake ji yanzu ya riga ya wuce."

"To in na ƙara nisa fa?"

"In ka kai Mafara, sai ka ji dakan jiya. In ka kai Sakkwato, na bara."

Inna ta rasu ina makarantar kwana, ban samu jana'izarta ba. Na yi karatu, na san wasa Baba ke yi. Amma duk garin da aiki ya jefa ni, har bakin teku, da la'asar ta yi sai in kasa kunne, ko Allah ya sa na yi nisan da ya isa.