Foldar Kowa da Kowa

"Malam, ai wannan foldar duk ma'aikata ke shigarta, har na Wurno da Rabah," in ji abokin aikina mai kula da kwamfutoci.

Hulata ta yi mini nauyi. Nan na ɓoye waƙar zambon da na tsara wa shugabanmu, har da gyangyaɗinsa ranar sakin ruwan dam. Ga fanshona ya kusa.

"Duba mini, su wa sunka buɗe waƙar da na aje ciki?"

Ya duba, ya danne dariya.

"Mi kag gani?"

"Ba kowa. Cikin rahotanninka na noman rani take. Tunda anka ɗora su, ba wanda ya taɓa leƙa ko ɗaya."

Na yi hamdala. Sai da na isa gida abin ya fara yi mini ciwo.